Da tsohuwar zuma ake magani, amma wa zai biya kuɗin gwada ta?

Mako uku ɗan'uwana ya yi yana fama da ciwon kai kafin a gano abin da ke cinsa. An yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro, an koma na taifot, an sake dawowa na zazzaɓin, kai dai bai bar sarawa ba. Daga nan amai ya biyo baya, haske ya zame masa abokin gaba, sai an rufe taga an kashe fitila yake iya buɗe ido. Ranar da ya dube ni ya kira ni da sunan wani da ya daɗe da rasuwa, ranar muka san abin ya fi ƙarfin gida. A asibiti aka kwantar da shi ta gefe, gwiwa a ƙirji, aka soka allura a gadon bayansa aka ɗebi ruwan laka. Ruwan ya fito garau, har na ji sanyi a raina, ina zaton alheri ne. Likita ya dawo ya ce sanƙarau ne, amma ba irin wanda muka sani ba. Wata ƙwayar fumfuna ce mai suna Cryptococcus, wadda ke zaune a ƙasa da cikin kashin tattabara, mutum ya shaƙe ta bai sani ba, ta yi kwanton ɓauna a jiki, sai garkuwa ta karye sannan ta haura ƙwaƙwalwa.

Har wannan rana, in aka ce fumfuna, ko fangas kamar yadda likitoci ke faɗa, hankalina ba ya wuce makero da kyasfi da ƙaiƙayin tsakanin yatsun ƙafa. Haka mafi yawanmu muke. Alhali ƙiyasin da aka yi na shekarar 2020 ya nuna wannan sanƙarau kaɗai ya kama masu ƙanjamau kusan 152,000, ya kashe 112,000, wato kusan ɗaya cikin biyar na duk waɗanda cuta mai karya garkuwar jiki ta yi ajalinsu a shekarar. In aka haɗa da sauran danginta masu cin huhu da jini, Farfesa David Denning na Jami'ar Manchester ya ƙiyasta a 2024 cewa mutum miliyan 2.5 ne cututtukan fumfuna ke kashewa kai tsaye duk shekara. Amma sai a watan Oktoban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerinta na farko na ire-iren fumfunar da suka fi haɗari, guda 19, da huɗu a sahun gaba.

Maganin da aka ɗaura wa ɗan'uwana ruwa ne mai launin ɗorawa, sunansa amphotericin B. Ana sa shi ba da jimawa ba sai jiki ya ɗauki kyarma, haƙora na haɗuwa, gado na motsi. Kullum sai an ɗebi jini an duba ƙoda, domin maganin yana cin ƙoda kamar yadda yake cin cutar. A tsakiyar shekarun 1950 aka samo shi daga wata ƙwayar halitta a ƙasar bakin kogin Orinoco a Venezuela, kuma har yau shi ne babban makami. Dalilin wannan ƙarancin ba lalacin masana ba ne. Bakteriya ta bambanta da mu sosai, don haka akwai wurare da yawa da za a doke ta ba a taɓa mutum ba. Ita kuwa fumfuna, ginin ƙwayar halittarta ya yi kusa da namu, abin da zai kashe ta sau da yawa zai ji mana ciwo. Shi ya sa manyan rukunan magungunan da ake dogaro da su in cutar ta shiga jini ko ƙwaƙwalwa ba su wuce uku ba, sai wani guda ɗaya da ke gefe shi kaɗai. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2025, sababbin magunguna huɗu kacal aka amince da su cikin shekara goma a Amurka da Turai da Sin. A gefe guda kuma ga wata fumfuna mai suna Candida auris, wadda aka fara gano ta a kunnen wata mara lafiya a Japan a 2009, yanzu ta bazu a asibitocin nahiyoyi, mafi yawanta ba ta jin fluconazole, maganin fumfuna na sha da aka fi samu, wasu ma ba sa jin komai.

Wannan guda ɗayan da na ce yana gefe, shi ne ya sa nake wannan rubutu. Sunansa flucytosine. Likitan ya gaya mini da bakinsa cewa in aka haɗa shi da ruwan da ake ɗaurawa, an fi samun tsira, ya rubuta sunan a takarda ya miƙo mini. Kwana biyu ina zaga kantunan magani. Wasu su juya takardar su ce ba su taɓa jin sunan ba, wani ya miƙo mini fluconazole yana cewa ai duk ɗaya ne. Ban samu ba. Ɗan'uwana ya cika a kwana na tara, Allah ya jiƙansa. Sai daga baya, da na shiga karance-karance don in fahimci abin da ya same mu, na gano cewa shi wannan flucytosine ba don fumfuna aka ƙirƙiro shi ba. A 1957 aka haɗa shi da nufin yaƙar ciwon daji, bai yi abin kirki ba a can. 'Yan shekaru bayan haka aka lura cewa ƙwayar fumfuna tana haɗiye shi, ta mayar da shi guba a cikinta da wani sinadarin da jikin mutum ba shi da shi, ta kashe kanta da kanta. Maganin da aka ture gefe a wani fage ya zama ginshiƙi a wani.

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai ciwon huhu da wata ƙwaya mai suna Pneumocystis ke jawowa, wanda ya kashe ɗimbin mutane a farkon ɓullar ƙanjamau. Har zuwa 1988 ba a ma san fumfuna ba ce. Duk abin da ake yaƙarta da shi aro ne: co-trimoxazole, wanda aka fi sani da Septrin, maganin bakteriya ne, pentamidine na ciwon barci ne, dapsone na kuturta, primaquine na zazzaɓin cizon sauro. Miliyoyin masu raunin garkuwa suna shan Septrin kullum a matsayin rigakafi, kuma da yawansu ba su san daga me yake kare su ba.

Saboda haka in aka tambaye ni ko ya dace a koma rumbun tsofaffin magunguna a nemo wa cututtukan fumfuna mafita, amsata e ce, ba tare da jinkiri ba. Sabon magani yakan ci fiye da shekara goma daga ɗakin bincike zuwa hannun mara lafiya, kuma mafi yawan waɗanda aka fara da su a hanya suke faɗuwa, sau da yawa saboda illar da ba a hango ba. Tsohon magani kuwa an san halinsa. An san yadda hanta ke sarrafa shi, an san adadin da ke zama guba, an san abin da yake yi wa mai ciki da yaro da tsoho, akwai masana'antun da suka iya yin sa, kuma galibi yana da araha. Rabin tafiyar an riga an yi ta. Duniya ta ga amfanin wannan a 2020, lokacin da wani babban gwaji a Birtaniya ya nuna dexamethasone, tsohon magani mai arha, yana ceton masu korona da numfashinsu ya yi tsanani.

Amma ina da sharaɗi, kuma a kan sharaɗin nan nake so in daɗe, domin nan ne ake yawan yaudarar jama'a ba da gangan ba.

Kusan duk wata sai an ji labarin cewa masana sun gano wani tsohon magani yana kashe fumfuna. Yadda ake yi shi ne a jera ɗaruruwa ko dubban magunguna a 'yan ƙananan ramuka na faranti, a zuba ƙwayar cutar a kowane, a ga inda ta ƙi tsira. Ta haka aka ga maganin ciwon gaɓɓai auranofin, da miltefosine na kala-azar, cutar da cizon wani ɗan ƙaramin ƙuda ke jawowa, da wasu magungunan tsutsar ciki, suna taɓa fumfuna. Aiki ne mai kyau, da shi ake farawa. Sai dai faranti ba shi da hanta, ba shi da ƙoda, ba shi da shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Adadin da ya kashe cutar a faranti yana iya zama adadin da ba zai taɓa taruwa a jikin mutum ba sai ya kashe shi. Tsakanin faranti da gadon asibiti akwai rami mai zurfi, kuma magunguna masu kyakkyawan suna sun faɗa ciki.

Dubi sertraline, maganin tsananin damuwa da miliyoyi ke sha. A faranti yana hana Cryptococcus tsira. A jikin ɓeraye ya rage ta. Yana taruwa a ƙwaƙwalwa fiye da yadda yake zama a jini, wato daidai inda cutar take. Ƙwaya ce ta sha, mai araha, ana samunta ko'ina. Duk wanda ya ji wannan zai ce an gama. Aka yi gwaji na gaskiya a Uganda da mutum 460, duka ana ba su maganin da aka saba, rabi a ƙara musu sertraline, rabi a ba su ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a ciki, ba likita ba mara lafiya da ya san wa ya samu me. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna bayan mako 18, kashi 52 cikin 100 na waɗanda suka sha sertraline sun rasu, a ɗaya ɓangaren kashi 46. Bai ceci kowa ba. Tamoxifen, maganin kansar mama, shi ma ya yi kyau a faranti, aka gwada shi a kan mutum 50 a Biyetnam, bai hanzarta kawar da cutar daga ruwan laka ba, sai ma ya ƙara taɓa bugun zuciya.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na dexamethasone, wancan da ya yi abin yabo a korona. An san yana taimakawa a sanƙarau na tarin fuka da wasu na bakteriya, saboda yana kwantar da kumburi. Hankali ya ba da cewa zai taimaka a na fumfuna ma, kuma akwai likitocin da suke ba da shi da zuciya ɗaya. Aka yi gwaji da mutum 451 a ƙasashe shida na Asiya da Afirka, amma aka tsayar da shi kafin a kai ƙarshe, domin waɗanda aka ba maganin sun fi samun naƙasa da wasu cututtuka, kuma fumfunar ta fi jinkirin barin jikinsu. A 2016 aka buga wannan. Garin gyaran gira an so a rasa ido. Haka ma deferasirox, maganin rage sinadarin ƙarfe a jini. Fumfunar nan da ke cin hanci da ido da muƙamuƙi, wadda ta kama fiye da mutum 40,000 a Indiya a 2021, tana matuƙar son ƙarfe, sai aka ce bari a hana ta abincinta. A ɓeraye ya yi aiki. A ɗan gwajin da aka yi da mutum 20, waɗanda suka sha sun fi mutuwa, ko da yake sun fi 'yan uwansu jin jiki tun farko.

Wani zai karanta wannan jeri ya ce to ai hanyar ba ta ɓulle ba, a bar ta. Ni akasin haka na gani. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gwaje-gwaje ya rufe wata ƙofar ɓata. Da ba a gwada dexamethasone ba, da har yau ana ɗirka wa masu wannan sanƙarau shi, suna naƙasa, ana cewa cutar ce. Da ba a gwada sertraline ba, da yanzu ya shiga bakin duniya, dangin marasa lafiya suna kashe ɗan abin hannunsu a kansa suna barin abin da ke aiki. Mun ga yadda aka yi da chloroquine a farkon korona: magana ta fita kafin hujja, mutane suka rufa wa kantuna, wasu suka sha fiye da ƙima suka jikkata, masu buƙatarsa ta gaskiya suka rasa. Abin da ke da haɗari a tsohon magani shi ne yana hannu. Sabon da ke ɗakin bincike ba wanda zai iya saya, amma tsohon, jita-jita ɗaya ta isa. Don Allah duk wanda ya karanta sunan wani magani a nan, kada ya ɗauke shi a matsayin shawara.

To wa zai biya kuɗin irin wannan gwaji? Nan ne gizo ke saƙa. Kamfanin da ya ƙirƙiro magani yana da 'yan shekarun da shi kaɗai ke sayar da shi, a cikinsu yake mayar da kuɗinsa ya ci riba. Da wa'adin ya ƙare, kowa na iya yin sa. In wani kamfani ya zuba dukiya ya tabbatar cewa tsohuwar ƙwaya tana maganin wata sabuwar cuta, washegari duk abokan hamayyarsa za su ci gajiyar ba su kashe ko sisi ba. Don haka ba mai yi. Tsohon magani maraya ne, kowa na amfani da shi, ba mai ɗaukar nauyinsa. A ƙara da cewa masu wannan cuta galibi talakawa ne, masu ƙanjamau da ya yi nisa, masu ciwon suga da ba a kula da shi ba, manoman da ƙaya ta soka. Ban ga laifin ɗan kasuwa ba don ya bi inda riba take. Laifin yana kan gwamnatoci da manyan asusun lafiya in suka zauna suna jiran kasuwa ta yi abin da ba a gina ta don shi ba.

Kuma an ga abin da kuɗin jama'a ke iya yi. Gwajin ACTA, da aka yi a Malawi da Zambiya da Tanzaniya da Kamaru aka buga a 2018, bai kawo sabon magani ko ɗaya ba. Tsofaffin ya sake jerawa, ya nuna mako ɗaya na amphotericin tare da flucytosine ya fi mako biyun da aka saba, kuma inda ba halin ƙarin ruwa, haɗa flucytosine da fluconazole ta baki ma yana ceto. Sai gwajin AMBITION a ƙasashe biyar, Botswana da Malawi da Afirka ta Kudu da Uganda da Zimbabwe, da mutum fiye da 800. Aka ɗauki wani nau'in amphotericin da aka lulluɓe da kitse don ya rage cin ƙoda, aka ba da babban adadi sau ɗaya tak, dabarar da aka riga aka ga tana aiki a kan cutar kala-azar a Indiya, sannan aka bi da ƙwayoyin sha na mako biyu. Cikin mako 10, kashi 24.8 suka rasu, a ɓangaren tsohon tsari kashi 28.7, kuma illa ta ragu sosai. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi tsarin farko. Ina tuna kyarmar nan da na gani dare bayan dare, in kwatanta da ledar ruwa ɗaya a rana ɗaya, sai in ji ƙwalla ta taru mini.

Akwai masu cewa wannan duk faci ne, abin da ake buƙata sababbin magunguna ne masu sabuwar hanyar kisa. Suna da gaskiya a rabi. Fumfuna tana koyon kauce wa magani, har a gona take koya, domin dangin magungunan da ake ba mutane ana fesa wa amfanin gona, kuma a Holan an nuna yadda fumfunar Aspergillus ke fitowa daga muhalli ta riga ta taurare kafin ta shiga huhun kowa. Rumbun tsofaffin ba zai ishe mu har abada ba. Amma sabon magani yana da masu tsaya masa, akwai riba a gabansa, kuma ko ya fito, shekaru yake yi kafin ya sauko inda talaka zai taɓa shi. Wanda ke kwance yau da ciwon kai na mako uku ba zai ga wannan ranar ba. A yi duka biyun, amma kuɗin jama'a ya fi karkata inda ba mai zuwa in ba shi ba.

Abin da nake nema ba shi da yawa. A riƙa ware kuɗi na dindindin don gwada tsofaffin magunguna a asibitocin da marasa lafiyar suke, ba a tsaya ga faranti da ɓera ana ta buga takardu ba. A buga sakamako ko ya yi daɗi ko bai yi ba, yadda masu sertraline suka yi. Hukumomin kula da magunguna su buɗe hanyar da jami'a ko ƙungiyar da ba ta neman riba za ta iya neman a ƙara sabon amfani a takardar tsohon magani, ba sai kamfani ya ga dama ba. A kuma kare wuraren da ake wannan aiki. A Khartoum, Cibiyar Binciken Mycetoma, cutar da ke shiga ta sukar ƙaya ta cinye ƙafa har a yanke, ta yi gwaji tare da DNDi, ƙungiyar da ke nemo magungunan cututtukan da aka yi watsi da su, da kamfanin Eisai na Japan a kan fosravuconazole, maganin da ake amfani da shi don fumfunar farce. Bai fi tsohon maganin ba, amma sau ɗaya ake shansa a mako maimakon kullum, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai jinyar shekara guda. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya tarwatsa aikin cibiyar.

Sannan abu na ƙarshe, wanda ya fi duk sauran ci mini rai: in an gwada an tabbatar, a kai shi. Shekaru da dama bayan an san amfanin flucytosine, ba a yi masa rajista ba a mafi yawan ƙasashen Afirka da Asiya, inda mafi yawan masu mutuwar suke. An samu ci gaba a 'yan shekarun nan, an fara shigar da shi wasu ƙasashe, amma har yanzu akwai ɗakunan jinya da fluconazole kaɗai ake bayarwa, alhali an san shi kaɗai ba ya isa. Akwai kuma ɗan tsinken gwaji da ke gano cutar a ɗigon jini cikin mintuna, tun kafin ciwon kai ya fara, wanda ya kamata a yi wa duk mai ƙanjamau da garkuwarsa ta yi ƙasa sosai. Shi kansa flucytosine sau huɗu ake shansa a rana, duk bayan awa shida, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin ba wa mutumin da ba ya cikin hayyacinsa ƙwaya da ƙarfe biyun dare ya san wuyar haka. DNDi na aikin mayar da shi wani nau'i da za a riƙa ba da shi sau biyu a rana, wanda za a iya zura wa mara lafiya ta robar hanci. Ba wanda zai samu lambar yabo ta duniya a kan wannan, kuma ba zai cika kanun labarai ba. Irin wannan aikin nake so a zuba wa kuɗi, a kuma tabbatar cewa ranar da likita ya rubuta sunan maganin a takarda, akwai shi a ɗakin magani na asibitin.